Hukuncin sayen mabiya da shirya rigimar ƙarya don a yi suna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗora bidiyon barkwanci a YouTube, kuma har yanzu ban cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo da ake nema kafin a fara biyana kuɗin talla ba. Abokaina sun ce in sayi mabiya, sannan mu shirya faɗan ƙarya da wani mai tashe, mu riƙa jifan juna da habaici don jama'a su ruɗe. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Yin suna shi kaɗai ba laifi ba ne. Annabi Ibrahim ya roƙi Allah kyakkyawan ambato a cikin mutanen baya (Shu'ara'i, aya ta 84). Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Zarrin cewa an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, sai ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini.

Amma abubuwan nan biyu haramun ne. Sayen mabiya nuna abin da ba ka da shi ne, kuma a hadisin Asma'u da Bukhari da Muslim suka ruwaito an kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Ka tuna da mai sayar da turare ko atamfa da za ta ba ka talla: adadin mabiyanka ta duba ta biya, alhali rabinsu ba mutane ba ne. Kuɗinta ka ci da algus.

Faɗan ƙaryar ya fi damuna. Ku kun san wasa ne, mabiyanku ba su sani ba. Za su rabu gida biyu, a zagi iyaye, a tono asirin iyali, ku kuwa kuna ƙirga masu kallo. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa azaba ta tabbata ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Wasan kwaikwayon da kowa ya san shiri ne hukuncinsa daban, matuƙar babu batsa ko cin mutunci a ciki.

Ka ci gaba da sana'arka da mabiyan gaskiya ko da kaɗan ne. Idan ka riga ka saya, ka tuba, ka kuma faɗa wa masu ba ka talla gaskiyar adadin kafin ku yi ciniki. Allah ne mafi sani.