Amsa ga 'yar'uwarmu ta Marwa da aka kwashe wa hotuna da sunan humrarta

Salamu alaikum ƙanwata. Wallahi da na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, don abin da ya same ki shi ya same ni a nan Garwa. Kin ce wata ta kwashe hotunan humrarki da turaren wuta, ta buɗe shafi da suna irin naki harafi ɗaya kawai ta sauya, tana karɓar kuɗin mutane tana aika musu da ruwan banza, da kika yi mata magana ta ce ai ita ta yi wa sunan rajista, in kika matsa ma naki shafin za ta sa a rufe, shi ne kike tambaya ko ki kai ta komisariya, wato ofishin 'yan sanda.

Kafin komisariya ki sa a tambaye ta, rajistar ina? Ta fito da takardar a gani. Yawancin masu wannan cika bakin takardar RCCM ce a hannunsu, ta buɗe kasuwanci, ko ta biyan haraji, kuma waɗannan ba sa ba mutum mallakar sunan kaya. Mai ba da shi ita ce ta OAPI, ofishin nan na rajistar sunaye da alamun kaya da ke Yawunde, wanda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Takardarsu ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da mu Kamaru da Cadi da Nijar, shekara 10 take yi sannan a sabunta. Abin da ke da ciwo shi ne su wanda ya riga kai takarda suke fara dubawa, ba wadda ta riga shan hayaƙin kasko ba. To in ta wancan gefen ba ta kai ba, ke ki riga ta, ko da zobe za ki sayar.

Ni tawa a gidana ta tashi fa. 'Yar dangin maigidana ce, aka kawo mini ita tana ƙarama wai ta taya ni aiki, ni na koya mata wanke farce da soya shi har ƙarnin ya fita, ni na nuna mata yadda ake jiƙa sandal da hawi, da lokacin da ake sauke sukari daga wuta kafin ya ƙone ya ɓata turaren gaba ɗaya. In zan tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena sayen kayan haɗi da ita nake tafiya, duk masu ba ni kaya ta san su, har lambobinsu ta kwashe a wayata ashe. Da aurenta ya tashi ni na yi mata dilka da hannuna, humrar da ta shiga ɗakin miji da ita tawa ce, ko sisi ban karɓa ba. Mijin yana da ɗan abin hannu kuma ya san hanyar ofis, shi ya je ya kai sunan kayana, sunan da na ɗauko daga sunan 'yata ta fari, ya ce na matarsa ne.

Ranar da wisiye, mai kawo takardun shari'a, ya zo ba zan manta ba har in koma ga Allah. Ina tsakar gida ina cika kwalaben wata amarya, hannuna duk maiƙo, uwar mijina na zaune a tabarma tana jan carbi, sai yara suka shigo da gudu wai wani mai kwat yana sallama. Ya miƙo mini takarda da Faransanci, ya ce in daina amfani da sunan, in cire shi daga kwalabe da shafi, in ba haka ba kotu. Na ce sunan wa? Ya karanto mini sunan 'yata. Maƙwabta sun leƙo ta katanga, wata har tana tambaya ko bashi na ci, Inna kuwa ta ajiye carbin ta ce me kika jawo mana. Na sa hannu a takardar, tabon mai ya fito a gefenta, yana nan har yau. Da dare na zauna da reza ina kankare etiket ɗaya bayan ɗaya ina kuka, don kayan amaryar da safe za su bi mota zuwa Ngaundare. Kuma yarinyar nan har gobe in mun haɗu a biki sai ta durƙusa ta ce Anti ina wuni. Anti! Allah ya isa dai ban ce ba saboda zumunci, amma zuciyata ta faɗa.

Lauyan da muka gani ya ce da an farga da wuri da akwai magana, don in aka kai suna OAPI suna buga shi a mujallarsu, wanda ya riga amfani da shi yana da ɗan lokaci ya kai ƙorafi, yanzu wata uku ne. Namu ya wuce, saura kotu, kotu kuma kin san halinta da kuɗi da jeka-ka-dawo, ga dangi sun taso wai kar a tona asirin gida. Na sauya suna. Shi ya sa nake ce miki kwanan watan da ke kan takardarta ya fi komai, in ma akwai takardar.

Hotuna kuma maganarsu daban, kar ki bari ta haɗe miki su. Hoton da kika ɗauka da wayarki naki ne tun daga lokacin da kika ɗauke shi, ba ya buƙatar rajista, dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000 ta tsaya miki. Ko da sunan ya zama nata, hoton bai zama ba. Facebook da Instagram suna da fom na musamman na satar hoto, ba wannan danna rahoton da muke tara ƙawaye su yi ba, wancan sau da yawa ba ya kai ko'ina. Ki cika fom ɗin da kanki, ki sa adireshin naki hoton da na wanda ta sata, ni haka na yi aka sauke su, kuma shafin da ake ta kamawa da irin wannan rufe shi suke yi. Kar ki goge asalin hotunan a waya wai don wuri ya cika, ki tura su imel. Tsofaffin hirarrakin kwastomomi, rasit ɗin mai buga miki etiket, takardun ajans da kike aika kaya, saƙonnin Orange Money da MoMo, duk ki adana, su ne shaidar kin riga ta. Ni yanzu ba na ɗaukar hoto sai da hannuna a ciki da lallena, sunan kuma a tsakiyar kwalba inda ba a iya yankewa.

Dan Allah duk zafin da kike ji kar ki sa hotonta a status ki rubuta ɓarauniya. Akwai dokar laifukan intanet ta 2010, ga ta ɓata suna, sai ki ga mai gaskiya ce aka kai wa sammaci. Komisariya kuwa waɗanda ta karɓi kuɗinsu ta aika musu da jabu su ne ƙararsu ta fi ƙarfi, don wannan zamba ce, ki lallashi ko biyu daga cikinsu su je da shaidar turin kuɗin.

Sai 'yan'uwa masu rubuta sunayen manyan turarukan Faransa da na Dubai a jikin kwalbar da suka ɗura da kansu, ku bari, kamfanonin nan suna da mutanen da aikinsu kenan bin shafuka, rana ɗaya za ki tashi ki ga babu shafin babu mabiyan. Kuma haɗinki ki riƙe shi a cikinki, rajistar suna ba ta kare haɗi, duk wadda ta ga awonki ta tafi da shi. Ni yanzu awon ƙarshe a ɗaka nake yi ni kaɗai.

Kuɗin rajistar alamar kaya ba wasa ba ne, maganar ɗaruruwan dubban sefa ake, turare da humra suna aji na 3 a jerin rukunan kayan da ake wa rajista, ki riƙe wannan. Akwai ta sunan kasuwanci mai sauƙin kuɗi amma ba ta kai waccan ƙarfi ba. Ki fara tambaya a ofishin ma'aikatar ma'adinai da masana'antu na can Marwa, ma'aikatarsu ce ke haɗa mu da OAPI. In kuma kina da masu saye a Mubi ko Yola ki sani Najeriya ba ta cikin ƙasashen nan, tasu rajistar daban ce a Abuja, ni dai ban kai can ba tukuna, kuɗin sabbin etiket ma da ƙyar na gama biya.