Amsoshin tambayoyinku: gina Gizo da ifoksi, da maganar jabun kaya

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na sa hoton ɗan dogarin nan da na gina mai riga ja da kore, tambayoyi suke ta shigowa akan abin da na yi shi da shi, to yau gaba ɗaya filin nasu ne. Ga wanda bai sani ba, ifoksi ne na kwaɓawa, yana zuwa kashi biyu a kwali ɗaya, ɗaya shi ne danƙon ɗaya kuma shi ne mai sa shi ya daskare. Ka gutsuri wannan ka gutsuri wancan daidai wa daida, ka murza su har launi ya zama ɗaya, daga nan lokaci ya fara tafiya, da kansa zai yi tauri ba wuta ba gashi.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi a Zariya: "Malam inaso in gina Gizo na tatsuniya, tsawonsa kamar santimita 15, na ga ana ta maganar Milliput da Green Stuff da Apoxie Sculpt, wanne zan saya? Kuma kwali nawa zai ishe ni?"

Ƙanina ka burge ni da ka zaɓi Gizo, kowa sai kwaikwayon katun ɗin waje yake alhali ga namu nan ba wanda ya taɓa ba shi fuska tsayayya. Ga girman da ka faɗa Milliput zan ce ka nema, na Birtaniya ne, tun 1968 aka fara yinsa, a yankin Wales ake yinsa yanzu, kwalin da aka saba gani giram 113 ne da ɗan ɗoriya, sanda biyu a ciki. Yana shafuwa da ruwa kamar yumɓu, idan ya bushe kuma yana yin tauri sosai har ka kankare shi da reza ka goge da samfefa. Shi Green Stuff, wanda yake zuwa shuɗi da rawaya in ka haɗa ya koma kore, na ƙananan abubuwa ne irin ƴan sojojin nan na wasa masu milimita 28 ko 32, yana da danƙo kamar cingam, ya fi kyau wajen gashi da lanƙwasar riga da igiya, amma ko ya bushe yana ɗan lanƙwasuwa kuma baya son samfefa ko kaɗan. Da yawan masu aikin haɗa biyun suke rabi da rabi su samu tsaka-tsaki. Apoxie Sculpt na Amurka ne, yana da daɗin aiki don yana baka lokaci mai tsawo, sai ya kwana ya wuni kafin ya gama ƙarfi, amma da yadda dala take yanzu da kuɗin kawowa ni dai bazan ce ɗalibi ya fara da shi ba.

Maganar kwali nawa kuwa, ɗaya ya isheka in har baka yi wauta ba. Kada ka kuskura ka cika cikin Gizo da ifoksi zalla. Ka samu wayar tagulla, ko guntun wayar wuta ka feɗe robar, ka murɗa ƙashin jikin da filaya, ƙafafun nan takwas kowacce da wayarta don in babu waya ranar farko zasu karye. Sai ka dunƙule takardar foyil irin ta naɗe kifi ka matse ta sosai ta zama cikin da kan, ifoksin fata ce kawai zaka shimfiɗa a sama, kauri kamar na fatar lemo ya isa. Kuma kada ka ce zaka gama a zama ɗaya, yau ka yi ciki ka barshi ya bushe, gobe kai, jibi ƙafafu biyu, don in ka ce duka lokaci guda to duk inda ka riƙe sai ka lotsa inda ka gama. Kayan aiki ba sai ka saya ba, tsinken sakace da allura da reza da ɗan kofin ruwa sun kai ka nesa. In Green Stuff ne ka shafa basilin kaɗan a bakin tsinken don kada ya manne, amma ka wanke da sabulu kafin ka ɗora wani a kai ko ka yi fenti, in ba haka ba bazai kama ba.

Wani kuma ya rubuto: "Tunda sanda biyu ne a ciki, ba zan iya amfani da ɗaya yanzu in ajiye ɗaya ba don ya daɗe min?"

Haba malam. Ka taɓa ganin an yi gini da yashi yau an ajiye siminti sai wata mai zuwa? Ɗaya shi kaɗai ko shekara zai yi a rana haka zai zauna luguf. Ka karanta jikin kwalin don Allah.

Wannan kuma wata baiwar Allah ce daga Katsina, saƙonta ya taɓa ni: "Malam ka taimake ni, wata ta bani kuɗi in yi mata ƴar amarya da ango na sawa a kan teburin biki, na yi kwana huɗu kenan har yanzu yana manne wa hannu, in na danna yana lotsawa, bikin saura sati ɗaya kuma kuɗin na riga na kashe, wallahi ko barci bana yi."

Ƴar'uwa ki kwantar da hankalinki, sati ɗaya ya isa a sake, kuma ba ke kika fara shiga wannan ba. Abu uku ne ke kawo haka, ko awon bai yi daidai ba, ko ba a murza sosai ba har aka bar jirwaye-jirwaye a ciki, ko kuma kayan ne tun asali ba na kirki ba. Ki fara ajiye shi wuri mai ɗumi wuni guda, ɗumi yana sa ifoksi ya yi saurin kamawa, in sanyi ne ya hana shi zaki ga canji. In har bayan nan yana nan yadda yake to ki haƙura, bazai taɓa bushewa ba, kuma kada ki yarda ki rufe shi da fenti ki kai mata, fentin zai kwaile a hannun mutane ranar biki kinga kunyar ta fi yawa. Ki kankare shi, wayar ciki da foyil ɗin suna nan ba sai kin sake ba, kwana biyu zuwa uku kin gama. Ki kuma kira matar ki faɗa mata gaskiya tun yau.

Amma fa raina ya fi bani kayan ne, kuma anan nake so in ɗan daɗe don abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni kaina an taɓa sayar min, wani shago ne, kwali fes kamar gaske, farashi kusan rabin na ko'ina, na ji daɗi na kwashi uku. Na zo gida na buɗe, sanda ɗaya ta yi ɓawo kamar busasshen burodi, ɗayar kuma tana marmashewa a hannu kamar alli, na yi wuni ina gina doki da mahayinsa irin na hawan sallah, da safe na taɓa ƙafar dokin ta zo min a hannu. Ba kuɗin ne suka fi min ciwo ba, wunin nan ne da ya tafi a banza. To jama'a araha fa bata ado. Kun san nawa ake canjin dala, kun san kuɗin dako da na kwastan, in mutum ya ce zai baka kayan Ingila a farashin da ko a can Ingilar ba a samu to kai ma ka san da walakin, goro a miya. Kuma ba jabu kaɗai ne matsalar ba, akwai na gaskiya da ya tsufa, kaya ne da ba kowa ke nema ba sai ya shekara biyu uku a kan kanta ƙarƙashin rufin kwano, ya sha zafin Maris da Afirilu sau nawa, mai shagon ma bai san ya lalace ba don shi bai taɓa kwaɓa shi ba. Shi Green Stuff da yake zuwa kamar ribon, shuɗi da rawaya manne da juna, dama tsakiyar inda suka haɗu takan yi tauri tun a kwali, wannan ba jabu bane, yanke wurin zaka yi ka yar, amma in taurin ya ci rabin ribon to ka barshi. Masu saye ta intanet kuma ku ne kuka fi bani tsoro, hoto ake nuna muku na kwalin gaske a turo muku wani abu a leda ba suna ba adireshin kamfani ba bayanin yadda ake haɗawa, ku tura kuɗi gaba ɗaya tun kafin ku gani, in kun yi magana a toshe ku.

Abin da nake yi yanzu kuma nake so kowa ya riƙa yi, kwali ɗaya zaka fara saye komai daɗin bakin mai shago. Ka duba rubutun jiki, in ka ga an rubuta sunan da kuskure ko bugun ya dushe to ka ajiye. Ka latsa sandunan ta cikin ledar, su lotsu a hankali. In da sikeli kusa ka auna ka gani ko ya kai abin da aka rubuta. Ka zo gida ka gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa daga kowanne ka murza ka ajiye ya kwana, da safe ka danna da farce, in farce ya shiga ka mayar masa da kayansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya ci jarabawar sai ka koma ka ƙara, ka ɗaure kowace sanda a ledarta daban ka ajiye wuri mai sanyi, firij in akwai wuta, in babu gindin randa ma ya yi, nesa da abinci da hannun yara. Kuma masu karɓar aikin mutane irin ƴar'uwar nan, kada ki sake taɓa aikin kwastoma da kwalin da baki gwada ba.

Wani makanike daga Kaduna yana tambaya ko wanda suke liƙe lagireto da bututun ruwa da shi zai yi. Zai yi wajen cike ciki da ƙarfafa ƙafa da gindin da abin zai tsaya a kai, kuma ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Amma galibinsu cikin ƴan mintuna suke kamawa, kafin ka gama hanci ya zama dutse, balle a zafinmu. Fuska da yatsu ka nemi mai jinkiri. Na ruwa-ruwan nan irin Araldite kuma gam ne na liƙi, ba a gini da shi.

Wata uwa daga Maraɗi ta ce ɗanta mai shekara 13 ya ƙwallafa rai akan wannan aikin, amma kwanan nan yatsunsa sun fara ja suna ƙaiƙayi har da ƙananan ƙuraje, tana tsoron ko ta hana shi gaba ɗaya.

Hajiya kin kyauta da kika lura da wuri. Ki sa ya dakata yanzu, ki kai shi asibiti a duba hannun, ki tafi da kwalin ki nuna musu. Ifoksi kafin ya bushe yana iya sa fata ta ƙi shi, kuma irin wannan ƙin in ya kama mutum yakan zauna, duk sanda ya sake taɓawa sai ya dawo har ya fi na baya, shi yasa bana wasa da maganar. In likita ya ce ba komai ya ci gaba to da safar hannu ta roba irin shuɗiyar nan ta naitiril, in ya gama ya wanke hannu da sabulu da ruwa sosai, ba da fetur ko tina ba don su suna ƙara ɓata fatar ne. Mu da hannu muke cin tuwo, yaro ya tashi daga kwaɓa wannan abin ya tsoma hannu a kwano ai kinga ba daidai ba. In zai goge da samfefa ya jiƙa ta da ruwa ko ya sa takunkumi, a tsakar gida ba a ɗaki ba. Amma kada ki kashe masa sha'awar, ki samo masa yumɓu wajen masu tukwane ya ci gaba da koyon hannu da shi, duk abin da ya iya a yumɓu zai iya a ifoksi in ya girma, kuma aljihunki ma ya huta.

Mutum uku sun tambayi hukuncin gina mai rai a addini. Tambaya ce mai kyau kuma ya kamata a yi ta kafin a kashe kuɗi ba bayan an kashe ba. Akwai hadisai masu tsanani akan masu yin surar mai rai, akwai kuma hadisin da ya nuna Nana A'isha Allah Ya ƙara mata yarda tana wasa da ƴan tsana, wanda malamai da yawa suka kafa hujja da shi akan abin wasan yara. Wannan fatawa ce, ku kai wa malamin da kuka yarda da iliminsa ku faɗa masa ainihin abin da zaku gina da abin da za a yi da shi. Wanda ransa bai kwanta ba kuma ga mota, ga jirgi, ga ƙofar gari da zanen dagi a jikinta, ga kwarya da ludayi, duk da ifoksin nan ake yi kuma ana saye.

Na ƙarshe yana tambaya wane fenti, kuma ko zai iya sawa a obin don ya yi sauri. Kada ka sa a obin ɗin da ake gasa abinci, wancan da ka gani ana gasawa a bidiyo wani yumɓun roba ne daban irin su Fimo da Sculpey. Fenti kuwa akirilik, bayan ka barshi ya kwana ka wanke shi da sabulu ya bushe, ka fara da shafe ɗaya fari ko ruwan toka sannan launi, siriri-siriri sau biyu ko uku. In hazo ya fara sauka ka kifa masa roba ko kwano yayin da yake bushewa, in ba haka ba duk ƙurar unguwarku a fuskarsa zata ƙare.