Tambayoyinku Kan Fasaha: Ina Ake Sa Kaya A A-Kori-Kurar Lantarki Ta Slate?

Saƙonni uku na wannan makon duk a kan mota ɗaya suka zo, don haka na haɗa su wuri guda. Wani zai ce me ya haɗa filin waya da kwamfuta da zancen mota, to ku biyo ni, za ku ga wayar da ke hannunku tana cikin maganar dumu-dumu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook na wata ƙaramar a-kori-kura mai aiki da lantarki, wai ita Slate. An ɗaga bonet sai ga but a wurin da inji ya kamata ya zauna. Ina injin ya tafi? Kuma waɗanne wuraren ajiye kaya kake ganin za a samu a jikinta idan ta fito? Daga wani makaranci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bidiyon da ka gani gaskiya ne. Wani sabon kamfani ne a Amurka mai suna Slate Auto ya nuna motar a watan Afrilun 2025, kuma Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi. Kamfanin ya ce zai ƙera ta a garin Warsaw da ke jihar Indiana, ya fara miƙa wa masu saye a ƙarshen 2026. Mazaunin mutum biyu gare ta, ƙofa biyu, sai bodi mai tsawon ƙafa 5.

Batun inji kuwa, ka tuna abin da ke cike gaban Hilux idan an ɗaga bonet: inji, matatar iska, bel-bel, ga giyabos ya biyo baya, ga farfela ta ratsa ƙarƙashin mota zuwa tayoyin baya, ga tanki, ga salansa. Motar lantarki ba ta buƙatar mafi yawansu. Abin da ke juya tayoyinta bai kai rabin girman injin fetur ba, kuma a Slate ɗaya ne tak, an dasa shi a baya kusa da tayoyin da yake juyawa. Batir kuma shimfiɗe yake a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, kamar katifa. Da aka kwashe waɗancan kaya sai gaba ya zama fili, aka zuba masa roba aka mayar da shi but. Kamfanin ya ce yana cin kimanin lita 200, wato jakar tafiya babba ɗaya da 'yan ƙanana.

Wannan but ɗin gaba ya magance wata tsohuwar matsala ta a-kori-kura. Duk wanda ya taɓa riƙe ta ya san bayanta a buɗe yake, ruwa ya doki kaya, ƙura ta rufe su, in ka tsaya sallah a hanya kuma hankalinka na kan wanda zai miƙa hannu. Ford F-150 Lightning, wata babbar a-kori-kurar lantarki da aka fara sayarwa a 2022, ita ta fi nuna amfanin abin: but ɗinta na gaba lita 400 ne, yana ɗaukar nauyin kusan kilo 180, akwai soket huɗu a ciki, har da ƙofar tsiyayar ruwa a ƙasa don mai son zuba ƙanƙara ya sanyaya lemo. Na Slate rabin wannan ne, don ita kanta motar ƙarama ce.

Sauran wuraren fa? A nan hasashe zan yi, kuma zan gina shi kan abin da wasu suka riga suka yi. Rivian R1T, wadda ta fito a 2021, tana da wani rami da ya ratsa motar daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin kujerun baya da bodi, mai cin sama da lita 300, ƙofofinsa kuma in an buɗe su sai su zama matakala ko wurin zama. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ba na sa ran ganinta a Slate. Dalilina shi ne kamfanin ya ce za a iya sayen wasu kayan haɗi a ɗaura wa bodin rufi da kujeru, motar ta koma mai ɗaukar mutum biyar. Idan kuwa bodi zai zama ɗakin fasinja wata rana, dole wurin da rami zai bi ya zama mashigar ƙafafun mutanen baya. Abin da nake zato shi ne bangon da ya raba direba da bodi zai zama mai kwancewa da sifana, tunda sai an cire shi kafin a haɗa ɗakunan biyu. Chevrolet Silverado EV tana da bango mai naɗewa da ke tsawaita bodinta daga kusan ƙafa 6 zuwa ƙafa 9, amma ita a cikin mintuna ake yi. Na Slate ina ganin aikin yini guda ne a gareji, ba abin da za ka yi a bakin kasuwar katako don ka sa dogon kaya ba.

Wuri na ƙarshe da nake so ka sa wa ido shi ne mazaunin safaya taya. A a-kori-kurar fetur a ƙarƙashin bodi take rataye. A ta lantarki kuwa batir da na'urar juya taya suna cinye wannan fili. Tesla Cybertruck ba ta zuwa da safaya, wanda ya saya daban a cikin bodi yake ɗaure ta, ta cinye masa wurin kaya. Ƙaramar mota mai araha irin Slate, ina kyautata zaton safayarta ma kayan ƙari ce da za a biya daban. Ga mai bin hanyoyi irin namu wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ganin cewa ba inji kuma ga but gaba ga bodi baya, ashe ke nan za ta fi a-kori-kurar da muka sani ɗaukar lodi? Buhu nawa kake ganin za ta ɗauka? Daga Dawanau, Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, domin a nan ne talla take rufe wa mutane ido. Fili daban, nauyi daban. Masu talla suna son ƙirga lita saboda lambar tana da girma kuma hoton yana da kyau, kai kuwa da kilo kake ciniki.

A 2025 kamfanin ya ce Slate za ta ɗauki kimanin kilo 650, kuma a lissafin masu ƙera mota wannan adadi ya haɗa da duk wanda ke zaune a ciki. Cire kilo 150 na direba da yaron mota, saura 500. Buhun masara mai kilo 100 guda biyar ke nan, ko siminti buhu goma. Bodin zai iya cin fiye da haka a ido, za ka ga sauran wuri har zuciyarka ta ce a ƙara biyu, amma sifirin da birki da tayoyi a kan wancan adadi aka auna su. Duk abin da ka sa a but ɗin gaba shi ma daga cikin 650 ɗin ake cire shi.

Abin da ya jawo haka batir ne. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ita da kayanta, kuma batir yana cinye kaso mai tsoka tun kafin a ɗora buhu ɗaya. Misali mafi ban mamaki shi ne GMC Hummer EV: motar ta haura tan 4, batirinta kaɗai kusan kilo 1,300 ne, amma lodin da aka yarje mata bai wuce kimanin kilo 600 ba. Toyota ma da ta nuna Hilux mai lantarki a Nuwamban 2025, lodin da ta ambata kusan kilo 715 ne, alhali ta dizal tana taɓa tan guda. A 2025 kamfanin ya ce Slate za ta zo da batir iri biyu, ƙarami mai tafiyar kusan kilomita 240 da babba mai kusan kilomita 385, kuma ina hasashen wanda ya zaɓi babban zai rasa wani abu daga lodinsa, tunda ƙarin batir ƙarin nauyi ne a kan tayoyi huɗun nan dai.

Sai kuma tafiyar kanta. Waɗancan kilomitoci ba da lodi aka auna su ba. Nauyi yana rage su, amma abin da ya fi cin caji shi ne iska: kayan da aka jibga suka zarce rufin direba, ko tirela da ake ja a baya. Masu manyan a-kori-kurar lantarki a Amurka sun saba ganin tafiyarsu ta ragu zuwa kusan rabi idan suna jan tirela mai nauyi. Slate kuwa abin da aka ce a 2025 za ta ja kimanin kilo 450 ne kacal. An yi ta ne don mutumin birni da ke ɗauko fenti da 'yan katakai ranar hutu. Jigilar hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau ta fi ƙarfinta.

Ka kuma riƙe cewa duk waɗannan lambobi alkawari ne har sai mota ta shiga hannun mutane. Lokacin da Tesla ta nuna Cybertruck a Nuwamban 2019 ta ce bodin ƙafa 6 da rabi ne, lodi kusan kilo 1,590, farashi daga dala 39,900, har aka nuna wata gada da ke zarowa daga ƙofar baya don hawar da babur mai ƙafa huɗu. Da aka fara miƙa motar a ƙarshen Nuwamban 2023 bodin ya koma ƙafa 6, lodi kusan kilo 1,130, gadar babu ita, farashin ya yi sama sosai. Ƙarin batirin da aka yi alkawari, wanda zai zauna a cikin bodi ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, an soke shi a 2025.

Tambaya: Salam Malam. An ce motar ba ta da allo, waya ake liƙawa. Gaskiya ne? Kuma zan iya barin kwamfutata tana caji a but ɗin gaba? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne malama. Don a rage farashi an cire babban allon tsakiya, an cire rediyo da lasifika, gilashin ƙofa ma da hannu ake murza shi kamar na motocin da. Akwai ɗan ƙaramin allo a gaban direba mai nuna gudu da caji, sai mariƙin waya a kan dashbod. Taswira da sauti duk daga wayarki. Wannan tunani ya kwanta mini, saboda allon mota yana tsufa cikin shekara biyar ya fara nauyi, mota kuma ana riƙe ta shekara ashirin, waya kuwa dama ana sauya ta. Ina kuma zaton filin da allo da lasifika suka bari a dashbod zai zama wurin ajiye ƙananan kaya.

Batun kwamfuta, ki yi hattara da zafi. But ɗin gaba ya fi bonet ɗin motar fetur sanyi nesa ba kusa ba tunda ba inji, amma akwati ne rufaffe da rana ke duka, iskar na'urar sanyaya ɗaki ba ta kaiwa can. Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, kada kuma a ajiye ta inda ya wuce digiri 45. Motar da aka bari a rana a Maraɗi cikin watan Afrilu tana wuce wannan cikin sauƙi. Caji shi ma yana ƙara wa batir zafi, haɗuwar biyun ce ke sa batirin kwamfuta kumbura. Idan dole ne ki bar ta a ciki, ki kashe ta gaba ɗaya, kada ki rufe murfinta kawai, kuma kada ki jona ta.

Soket ɗin da ke cikin motocin Amurka irin F-150 Lightning yawancinsu na bolt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 take. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna karɓar duka biyun. Ki duba ƙananan rubutun da ke jikin cajarki, idan kin ga 100-240V to kan soket kawai za ki canja. Firij da dutsen guga da injin markaɗe da aka saya a kasuwarmu ba za su yi aiki yadda ya kamata ba a wannan wuta.

Abu ɗaya da ya shafi manhaja: a motocin lantarki da yawa murfin but ɗin gaba da maɓalli ko da waya ake buɗe shi, kwamfutar mota ce ke lura ko ya kulle. A watan Yulin 2024 Tesla ta yi kiranye, wato sanarwar gyara, kan motoci sama da miliyan 1.8 a Amurka saboda manhajar tana iya kasa gane cewa murfin bai kama ba, wanda zai iya tashi ya rufe wa direba gani ana cikin gudu, kuma ta intanet aka tura gyaran. Saboda haka duk motar da ke da but a gaba, ki danna murfin da hannu ki ji ya kama kafin ki tashi, ki kuma tambayi mai sayarwa yadda ake buɗe shi idan ƙaramin batirin mota mai bolt 12 ya mutu alhali kwamfutarki tana ciki.