Burodin garin kwakwa ga mai ciwon suga: a ajiye magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, kuma ba ta iya karyawa sai da shayi da burodi. Na sayi garin kwakwa na gasa mata, sai ya fito a bushe yana marmashewa. Mai sayar da garin kuma ta ce idan Mama ta lizimce shi wata guda za ta rabu da magani. Har ta fara tsallake na dare. Hankalina a tashe yake, a taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Tun yau ta koma kan maganinta yadda likita ya rubuta.

Marmashewar ba laifin hannunki ba ne. Garin kwakwa yana shan ruwa kamar soso, kuma ba shi da danƙon da ke cikin fulawa, don haka ba a auna shi da ma'aunin fulawa. Ƙwai ne ke riƙe shi. Ki samu gari rabin kofi, ƙwai 6, narkakken man shanu ko man kwakwa babban cokali 4, bakin foda ƙaramin cokali 1, da ɗan gishiri. Ki kaɗa ƙwan da man sosai, ki tankaɗe garin a ciki. Za ki ga ƙullun ya yi ruwa-ruwa, kada ki ƙara gari. Ki bar shi minti 10, da kansa zai yi kauri. Ki gasa a wuta digiri 180 a ma'aunin Celsius na kamar minti 35 zuwa 40, sai tsinke ya fito a bushe. Idan babu oba, tukunyar yashi ma ta yi. Ba zai tashi kamar na gidan burodi ba, kuma saboda yawan ƙwai a firij ake ajiye shi. Idan Mama tana da matsalar ƙoda, a tambayi likita kafin a yawaita mata ƙwan.

Maganar mai sayar da garin ce ta ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ji irinta a asibiti. Garin kwakwa abinci ne. Kwatan kofinsa yana ɗauke da kabohaidiret (dangin sitaci da suga) wajen giram 18, kusan 10 daga ciki harza ce da ba ta komawa suga, shi ya sa ba ya ɗaga suga kamar farin burodi. Amfaninsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Amma ba ya gyara pankiriyas, gaɓar cikin da ta gaza samar da isasshen insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini), ba ya warkar da komai. Sau da yawa mai tsallake magani ba ya jin ciwo a makon farko, sai ya ɗauka ya warke, alhali sugan yana can yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Ranar da aka kwantar da Mama, mai garin ba za ta zo ba, lambarta ma ba lallai ta shiga ba. Haka aka yi ta yi mana da tuwon alkama, da zuma, da dabino, ana cewa "ba su da suga", mutane suna ci babu awo. Duk suna ɗaga shi. Masu wannan talla su ji tsoron Allah, rayukan iyayen mutane suke wasa da su don ribar leda ɗaya.

Akwai kuma hatsarin da ba sa faɗa. Idan Mama tana allurar insulin ko tana shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, aka rage mata sitaci kwatsam, sugan na iya faɗuwa. Rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, bugun zuciya da sauri, ko awon suga ƙasa da 70 mg/dL, alamu ne. Nan take a dama suga babban cokali 1 a ruwa ta sha, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a tafi asibiti.

Ki riƙa auna ta da safe kafin ta ci, da awa 2 bayan burodin, ki rubuta a littafi. Ki kai wa likitanta littafin, ki gaya masa ta yi kwanaki tana tsallake maganin dare. Idan ragi ya dace, shi zai rage.