Kaset ɗin farko da na saya da gumina

Malam, ka tambaya wace waƙa muka fara saya da kuɗinmu, kuma ko ta ci kuɗinta. Ni kaset ne, na Shata, a Ƙofar Wambai ta Kano, da ɗan abin da na tara a aikin hutu. Shekarar da ya rasu ce, 1999, kowane shago kalangu ke tashi.

Ba na kamfani ba ne fa. Kaset marar komai za ka saya, TDK ko Sony, mai minti 60 ko 90, mai shago ya ɗaukar maka daga nasa, ya rubuta sunayen waƙoƙin a kwalin. Mai 90 ya fi cin waƙa, amma zarensa siriri ne, rikoda ba ta wuyar taune shi. In ta taune, a zaro a hankali, a zura biro a naɗe. In ya tsinke, a liƙe da jan farce. Da biron dai muke mayar da shi baya, don kar batir ya ƙare.

Ta ci kuɗinta mana! Har waƙoƙin ɗaya gefen sai da na haddace. Yarana kuwa, da ake tura musu ɗaruruwa a waya, rabin waƙa suke ji su wuce.