Sunaye bakwai ba sa cike shekara 400

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya rasu bara, sai na farga ban san komai game da asalinmu ba bayan sunan kakana. Baffana ya jero mini sunaye bakwai, daga mahaifina har zuwa wani babban mutum da ake cewa shi ya kafa gidanmu sama da shekara 400 da suka wuce. Abokina ya ce in yi gwajin DNA (ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye) kawai in huta. Shin gwajin zai tabbatar mini da wannan salsala? In ba zai iya ba, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kafin maganar gwaji, ɗauki biro mu yi ɗan lissafi. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗansa, in aka kwatanta gidaje da yawa, shekara 30 ce ko sama da haka kaɗan. Sunaye bakwai tazara shida ce tsakaninsu, wato shekara 180. Ƙara shekarun mahaifinka a kai, a ce 70, ka samu 250. Ko da kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya kai 40 aka haifi na bayansa, 310 za ka samu. Saura fa? Akwai mutum uku, huɗu ko biyar da suka faɗi a hanya, ko kuwa shekarun ne aka ƙara musu gishiri.

Kada wannan ya sa ka zargi baffanka. Haka salsalar baka take a ko'ina. Mutane kan riƙe na kusa saboda sun gan su, su riƙe na can sama saboda da shi ake tutiya, na tsakiya kuwa su shige. Wanda ya fi saurin ɓacewa shi ne takwara: in jika ya ci sunan kakansa, bayan wasu shekaru sai su zama mutum ɗaya a bakin masu ba da labari, wanda ke tsakaninsu ma ya bi su. Wani lokaci kuma wa da ƙani ne suka gaji juna a shugabancin gida, sai na baya su ɗauka uba da ɗa ne. Nan jerin tsawo yake ƙarawa. Jerin da baffanka ya ba ka dukiya ce, sai dai kowane suna a ciki yana jiran shaida.

Saboda haka daga kanka za ka fara, ka yi sama hawa-hawa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kama wani shahararre can sama, ya yi ta neman igiyar da zai ɗaura kansa da ita. Mai yin haka duk abin da ya gani zai ga ya dace.

Abu na farko, tsofaffi, kuma cikin gaggawa, domin takarda za ta jira ka, su kuwa ba su da tabbacin gobe. Kada ka tsaya kan maza. Gwaggonni da kakanni mata su ne galibi ke riƙe da wa ya auri wa, wace ce uwar wane, wane ne aka riƙa tun yana yaro har aka manta ba ɗan gidan ba ne. Ka same su ɗaya-ɗaya. In ka tara su wuri guda, babba zai yi magana, sauran su gyaɗa kai ko da sun san ba haka ba ne. Ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya, ka bar su su yi ta zuba, ko da sun kauce hanya. Sau da yawa a kaucewar ake tsintar abin da ake nema. Ka kuma kiyayi sa musu amsa a baki. “Wa ya haifi kakanku?” ta fi “Ba wane ne ya haifi kakanku ba?”, don ta biyun eh kawai za a ce maka. Kowane mutum ka tambayi sunansa na yanka da laƙabinsa, saboda a takarda ɗaya za ka gani, a baki ɗayan.

Shekara fa? Tsoho ba zai ce maka 1918 ba, amma zai ce uwarsa ta ce an haife ta shekarar babbar murar da ta kashe mutane a duniya, ita ce ta 1918 zuwa 1919. Yaƙin Duniya na Biyu 1939 zuwa 1945 ne. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1910, ta sake dawowa a 1986. Husufin rana ya fi su duka daɗin aiki, tunda masana taurari na iya faɗin rana da sa'ar da aka gan shi a kowane wuri. In kuma ka ci karo da shekarar Hijira a rubuce, ka tuna ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, don haka duk shekara 33 na Hijira kusan 32 ne na Miladiyya.

Sai takardu. Fara da na cikin gida: takardar haihuwa, ta makaranta, ta aiki ko fansho, wasiƙu, bayan hotuna, gefen tsofaffin littattafai inda ake rubuta haihuwa da rasuwa. Ni a wurina babu kamar takardar rabon gado da ta shari'ar gona ko fili, don dole a lissafa magada a faɗi dangantakarsu, kuma a gaban mutanen da ke da dalilin musantawa in an yi ƙarya. Daga nan ka nufi gidan adana takardun tarihi na gwamnati. Abin da za ka samu ya danganta da ƙasa. Ingila ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa a 1837, kuma takan rufe takardun ƙidayar jama'a shekara 100, shi ya sa sai a 2022 aka buɗe na 1921. Amurka shekara 72 take jira, a 2022 ɗin ta buɗe na 1950. Wuta ma ta ci rabonta: yawancin takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun salwanta sanadiyyar gobarar 1921, ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin, babban birnin Ireland, ta ƙone a 1922. Shafin intanet na FamilySearch kyauta ne, yana da hotunan takardu daga ƙasashe da dama. Amma salsalar da wasu suka zana suka ɗora a intanet, ka ɗauke ta kamar ji-ta-ji-ta har sai ka ga takardar da suka dogara da ita. Takardar ma ba wahayi ba ce: magatakarda kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, shekaru kuma a ƙiyasta su zuwa 40 ko 50.

Yanzu ga maganar abokinka. Gwajin iri uku ne. Wanda aka fi tallatawa yana duba abin da ka gada ta kowane ɓangare: rabi daga uba, rabi daga uwa, kusan kashi 25 cikin 100 daga kowane kaka. 'Ya'yan wa da ƙani kan haɗu a kusan kashi 12.5. Da an yi nisa sai ya tsinke. Cikin mutum goma da kuka haɗa kakan kaka, kusan ɗaya gwajin ba zai ga alaƙarku ba sam. A hawa na goma kana da gurabun kakanni 1,024, da yawansu ba su bar maka komai a jini ba. Wannan gwajin bai kai shekara 400 ba. Kason “asalin ƙabila” da yake bayarwa kuwa kwatance ne da mutanen da kamfanin ya riga ya gwada, yana canzawa duk sanda suka sabunta ma'ajiyarsu, kuma 'yan Afirka ba su da yawa a cikinta.

Na biyu yana bin uwa, uwar uwa, har sama. Na uku, na ƙwayar Y, yana bin uba zuwa ɗa namiji, kuma shi ne ya shafi tambayarka. Kai kaɗai ba zai gaya maka komai ba. Sai ka nemo namiji daga wani reshe mai nisa da shi ma ke cewa daga wancan babban mutumin ya fito, ta wani ɗan daban, ku gwada tare. In kun dace, kun haɗa kaka ta wajen uba. Sunan kakan fa? Jini ba ya faɗin suna.

In kuma ba ku dace ba, ka shirya. A 2012 aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na Uku na Ingila, wanda aka kashe a 1485, a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci a birnin Leicester na Ingila. Gwajin ɓangaren uwa ya dace da zuriyar 'yar'uwarsa, amma na Y bai dace da mazan da takardu suka ce tsatsonsu ɗaya da shi ba. Gidan sarauta ke nan, mai magatakarda. Ana iya samun haka ta riƙo, ko agola da ya tashi da sunan mijin uwarsa, ko abin da magabata suka rufe da gangan. Sakamakon kuma ba naka kaɗai ba ne, ya shafi 'yan'uwanka da ba a tambaye su ba. Ga batun sirri: a 2023 masu kutse sun kai ga bayanan kusan mutum miliyan 6.9 na kamfanin gwajin DNA mai suna 23andMe. Ni dai sai in ce ka jinkirta gwajin har ka san ainihin tambayar da kake son ya amsa, ka kuma shawarci manyan gidanku.

A littafinka, kowane suna ka rubuta wa ya faɗa maka, yaushe, shi kuma a wurin wa ya ji. Wanda takarda ko majiya biyu da ba su haɗa baki ba suka tabbatar, rubuta shi da biro. Sauran da fensir. Inda ka ga giɓi ka bar shi giɓi. Ka koma wurin baffanka a wannan makon da sunayen bakwai ɗin, ka tambaye shi uwar kowannensu da inda aka binne shi. Inda ya fara yin shiru, nan aikinka zai soma.