Amsa kan mayar da tsohuwar kwamfuta sabar kallo ta gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar kwamfutar tebur mai Core i5 ƙarni na 3 da RAM 4GB, tana gefe ƙura na cinta, kuma kana so ka tara finafinai da karatuttuka da hotunan gida a kanta yadda kowa zai kalla ta talabijin ko ta wayarsa. Tambayarka ita ce ko za ta ɗauki aikin, ko sai ka sayi sabuwar na'ura. Za ta ɗauka, kada ka sayi komai tukuna. Tawa ta girmi taka da ƙarni guda na furosesa, wato ƙarni na 2 ce, kuma shekara huɗu ke nan tana wannan aikin a ƙarƙashin tebur.

Abin da ya kamata ka gane tun farko shi ne, yawancin lokaci saba ba ta yin wani aiki mai nauyi. Miƙo fayil kawai take yi, talabijin ko waya su ne ke buɗe bidiyon da kansu. Wannan ko kwamfuta mai shekara goma sha biyar za ta yi shi ba tare da fankarta ta ɗaga murya ba. Wahala tana zuwa ne idan na'urar da ke kallo ba ta san tsarin fayil ɗin ba, sai sabar ta shiga juya bidiyon zuwa wani tsari a daidai lokacin da ake kallo. Nan ne tsofaffi ke durƙushewa.

Ni a jikina na koya. Wani dare yara sun kunna fim a talabijin, ina zaune kusa da kwamfutar, sai na ji fanka ta tashi kamar za ta tsinke. Hoton ya yi sakan goma ya tsaya, ya sake yin goma ya tsaya, ƙaramarsu tana ta kirana wai na ɓata musu kallo. Na zargi wayifai, na zargi kebul, har na kashe rauta na kunna. Ashe tsarin fayil ɗin HEVC ne mai bit 10, talabijin ɗin ba ta iya shi ba, furosesa kuma ta cika ɗari bisa ɗari tana ƙoƙarin juyawa. Intel ta fara sa Quick Sync, wato sashen da ke juya bidiyo da sauri, a furosesocinta tun ƙarni na 2 a 2011, kuma yana taimakawa sosai da tsarin H.264, amma cikakken goyon bayan HEVC mai bit 10 sai a ƙarni na 7. Irin taka da tawa ba su kai can ba. Maganin da na yi mai sauƙi ne: duk fayil ɗin da ya zo a irin wannan tsarin, sai na ba manhajar juya bidiyo ta HandBrake shi da dare ta mayar da shi H.264 a cikin MP4, sau ɗaya tak, an wuce wurin. Ka kula da rubutun fassara ma. Irin wanda yake hoto ne, wato PGS, yakan tilasta wa saba ta manna shi a jikin bidiyon, juyawa ke nan ta dawo ta bayan gida. Nemi SRT, wanda rubutu ne zalla.

Batun manhaja, ni Jellyfin nake amfani da ita. Kyauta ce, an tsago ta daga Emby a ƙarshen 2018, ba ta neman ka buɗe asusu a wani wuri, kuma ko intanet ta ɗauke kallo a cikin gida bai tsayawa. Plex ta fi ta ƙyale-ƙyale kuma manhajarta tana kan kusan kowace talabijin, sai dai juya bidiyo da taimakon irin su Quick Sync yana cikin abubuwan da ake biya wa kuɗi a wurinsu. Kafin ka zaɓa, duba wacce talabijin ɗinka ke da ita a shagon manhajojinta. Idan kuwa abin da kake so bai wuce a buɗe folda a danna fim ba, Samba, manhajar raba folda ga na'urorin gida, a kan sabar da manhajar kallo ta VLC ko Kodi a kan na'urori sun wadatar.

Windows 10 dai tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar furosesarka a hukumance. Sa Debian ko Ubuntu Server, tsarin aiki ne na Linux, a madadin Windows. In baƙin allo da buga umarni na ba ka tsoro, ɗauki OpenMediaVault, Debian ce a ƙasa amma ta burauza ake sarrafa ta. RAM 4GB ya isa haka.

To, yanzu faifan ajiya, wanda shi ne abin da na fi so ka ji. Furosesa ba kasafai take mutuwa ba, faifai kuwa yana mutuwa, kuma wanda ke cikin kwamfutarka ya haura shekara goma yana juyi. Nawa na farko sai da ya yi mako yana wani ƙas-ƙas a hankali, ina ji ina cewa gobe zan duba. Ranar da na zo dubawa ko BIOS, wato saitin farko na kwamfuta, ba ta ganinsa. Finafinai ba su dame ni ba, ana samun su. Amma akwai bidiyon ɗana lokacin da ya fara tafiya, wanda na kwashe daga waya na goge na wayar don samun wuri. Har yau uwarsa ba ta daina tuna mini ba, kuma tana da gaskiya. Saboda haka kafin ka zuba komai, sa manhajar smartctl ta karanta maka lafiyar faifan. In ka ga adadin sassan da aka sauya ko masu jiran a sauya su ya wuce sifili, kada ka ba shi amanar abin da ba ka da kwafinsa. Sa tsarin aiki a ƙaramin SSD, kayan kallo a babban faifai dabam, hotunan iyali kuma su kasance a wuri biyu aƙalla, ɗaya a faifan waje da kake cirewa bayan kwafi. Wani zai zo ya ce maka ka yi RAID, wato haɗa faifai biyu su riƙa ɗauke da abu ɗaya. Ba laifi, amma in ka goge fayil bisa kuskure, a faifan biyu zai goge lokaci guda.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa a riƙa kiranka a waya. Haɗa sabar da rauta da kebul, ba wayifai ba. Ko tashar megabit 100 tana ɗaukar fim ɗin 1080p biyu ko uku a tare, ta gigabit kuwa ba ma a magana. Shiga rauta ka ɗaure mata adireshin IP guda, in ba haka ba wata rana adireshin zai canja, talabijin ta ce ba ta san wata saba ba. Jellyfin tana amsawa a tasha ta 8096, wato lambar da ake ƙarawa bayan adireshin IP ɗin. A BIOS akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, kunna shi, ka kuma canja ɗan batirin CR2032 na kan allo don kada saitin ya ɓace. Hure ƙura, ka sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta. Sunan fayil kuma ya zama sunan fim sai shekararsa a baka, in ba haka ba manhajar za ta liƙa masa hoton wani fim ɗin dabam.

Ka yi lissafin wuta kafin ka bar ta a kunne dare da rana. Idan tana cin wat 50 a zaune, kilowat-awa 36 ke nan a wata. Tsohuwar laftof mai cin wat 10 ba ta wuce 7 da ɗoriya ba, ga batirinta na riƙe ta idan wuta ta ɗan ɗauke. In kana da ita, ita zan fara gwadawa, sai dai ka saita ta kada ta yi barci idan an rufe murfin.

Kallo daga wajen gida kuma, kada ka yi gaggawar buɗe tasha a rauta. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, ta fi aminci, minti goma ka gama. Faɗa mana irin talabijin ɗinka da girman faifan da ke ciki, sai in gaya maka tsarin fayil ɗin da za ta buɗe kai tsaye.